Shirun da Aka Yanke wa Mai Jiniya

Zuwa ga Goggo,

An sallami Baba daga asibiti ranar Talata, bayan ciwon shanyewar ɓarin jikin nan da ya buge shi. Hannun dama bai dawo ba, ƙafar tana ja, bakin ya buɗe amma maganar da ƙyar take fita.

Na sa labari gaba da gaisuwa ne don haka kika koya mini lokacin da na yi hutu a wurinki, kina ja na zuwa ɗakin labarai na gidan rediyonku. To ga gaisuwar: ina fata kina lafiya. Ya aiki, ya kuma idon da kika ce yana miki hazo? Mama tana gaishe ki. Jininta ya sauka tun da muka dawo gida.

Likitar da ke koya wa Baba magana ta ce dole ya riƙa yi kullum, in ba haka ba ɗan abin da ya rage ma zai tafi. Ta ba mu katuna masu hotuna, ga kofi, ga ƙwallo, ga agogo, wai ya riƙa faɗin sunansu. Ya ture su da hannun hagu, ya ce, "Ni... ba ɗan... firamare ba ne." Sai da na sha ruwa na dawo kafin ya kai ƙarshen jimlar. Amma da na tambaye shi zamanin da yake tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, sai ya gyara zama. Wannan kam yana so.

Shi ne na sayi ƙaramin makirufo na fara naɗar hirarmu, na sa ta a intanet a matsayin fodkas, wato shirin murya da mutum zai sauke a wayarsa ya ji lokacin da ya ga dama. Na sa masa suna Jiniya. Na gaya wa Baba mutane za su ji, kuma tun daga ranar yake sa hula kafin mu fara, ko da yake ba mai ganinsa.

Matsalar ita ce ba a ji. Shafin yana nuna mini inda kowa ya tsaya, kuma kusan duka suna kashewa tun Baba bai shiga labarin ba. Kullum sai ya tambaye ni, "Sun... ji?" Ina cewa eh. Ba na so in ci gaba da yi masa ƙarya. Kin ƙare rayuwarki a gidan rediyo, Goggo. Me ke sa mutum ya tsaya ya saurara?

Yaya yana cikin teku har yanzu. Jirgin dakon kayan da yake wa aikin injiniya ba ya samun intanet na kirki sai sun tsaya a tasha, Baba kuma ya ƙi karɓar waya don kunyar bakinsa. Yaya ya ce in jikin ya yi tsanani zai nemi hutun gaggawa, in kuma da sauƙi zai jira kwantiraginsa ya ƙare a ƙarshen wata mai zuwa. Na ce masa ya saurari shirin, zai ji muryar Baba da kansa.

Taki,
Auta

*

Auta, 'yata,

Na gode wa Allah da aka sallame shi. Ni lafiya lau, sai idon hagu da likita ya ce yanar ido ce, za a cire nan gaba kaɗan. Ki gaishe da Mamanki, ki ce ta sha maganinta a kan lokaci, kada mu yi jinya biyu.

Shi kuwa Mai Jiniya, ki gaya masa taubashiyarsa ta ce duniya ta juya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana hana titi sakat da ƙara, yau shi ake lallashi ya yi magana. Kakarki da mahaifina ciki ɗaya suka fito, don haka ba shi da inda zai kai ƙarata.

Na saurari kashin farko sau biyu, na biyun da biro a hannu. Kayan suna da kyau, jerin ne ba daidai ba. Kin buɗe da kiɗa, sannan kika gabatar da kanki, sannan kika yi godiya, sannan kika bayyana abin da za a ji. Ki tuna wanda kike wa magana: yana wanke-wanke ne, ko yana tsaye cikin cunkoson motoci, yatsansa kusa da maɓallin kashewa. Can tsakiyar hirar Babanki ya ce, "Matar ta haihu a bayan motata, a kan gada." Nan ne farkon shirinki. Sunanki zai iya jira.

Ki bar falo. Firijinku yana gurnani a ƙarƙashin kowace kalma, tayil ɗin kuma yana mayar da murya. Ku koma ɗakin kwana, ki sauke labule, ki buɗe durowar kaya ta tsotse amsa-kuwwa. Makirufo ya tsaya taƙi ɗaya daga bakinsa, ɗan gefe, ba tsaye a gaban leɓe ba.

Ki daina tambayarsa yadda ya ji. Namiji irin Babanki zai ce miki "ba komai" ya rufe baki. Ki tambaye shi abin da ya gani da ya buɗe ƙofar baya, wane ne ya fara magana, wane takalmi matar ta sa. Labari ɗaya a kashi ɗaya. Kuma ki daina cewa "masu sauraro". Kunne biyu ne kawai a can ƙarshen wayar, na mutum ɗaya.

Babban abin shi ne shiru. A wurinmu, in tasha ta yi tsit na ɗan lokaci kaɗan, edita zai amsa tambaya a ofis. Mai sauraro yana ɗauka wayarsa ce ta lalace. Shirun da ke tsakanin kalmomin Babanki shi ke korar mutane. Ki yanke shi, ki haɗa kalmomin. Ki cire maimaici da inda-inda. Amma ki ajiye asalin abin da kika naɗa a wani wuri daban, kada ki taɓa shi. Wannan doka ce.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

Ina fata wasiƙar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu nan da sauƙi. Baba ya fara zuwa banɗaki da sanda, ba sai an riƙe shi ba. Da na karanta masa saƙonki ya ce, "Makauniya... ta samu... baki."

Na yi duk yadda kika ce. A fuskar kwamfuta muryarsa tana fitowa kamar jerin tuddai, tsakaninsu dogayen layuka a kwance. Ina share layukan, in matso da tuddan su haɗu. Hirar da ta ɗauke shi kusan awa guda ba ta kai kwatan awa ba bayan na gama. Kuma Goggo, da na kunna, sai ga magana tana zuba. Baba ne sak, na da, mai ba da labari yana tuƙi da hannu ɗaya.

Mutane sun fara tsayawa har ƙarshe. Kashi na uku ya fi kowanne yawo. A ciki ne yake bayanin abin da direbobinsu ke yi: in mara lafiya ya cika a hanya, ba a tsayawa, ba a cewa komai, jiniya kawai ake kashewa. 'Yan uwan da ke biye a motar baya da sun ji ta ɗauke sun san abin da ya faru. Da ya faɗi haka ya yi dogon shiru, har na duba ko batir ne ya mutu. Na yanke shi kamar sauran, na haɗa da labari na gaba, ya tafi sumul.

Na sa masa iyafis a kunne ya ji. Ya yi tsit har ya ƙare, sannan ya ce, "Sake." Na sake. Ya miƙo mini iyafis ɗin bai ce komai ba.

Jirginsu Yaya ya tsaya a wata tasha, Yaya ya sauke kashi ukun duka a wayarsa. Ya rubuto mini: "Alhamdu lillahi! Ashe tsoho ya dawo haka kuke ta tayar mini da hankali? Na ji shi a ɗakin inji har abokan aiki suna tambaya ko lafiya nake hawaye." Ban so in rage masa murna ba, na ce masa eh, da sauƙi sosai.

Taki,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ku duka. Madalla da wannan labari. Na ji kashi na uku, aikin ya yi tsabta, ko a wurinmu ba za a mayar miki da shi ba. Shirun da Babanki ya yi bayan ya saurara kuwa kada ya dame ki. Na san irinsa, na gan shi a fuskar manyan mutane ranar da suka fara jin kansu a rediyo. Daɗi ne ya hana shi magana, girman kai kuma ya hana shi nunawa.

Yanzu ki tsayar da rana ɗaya a mako ki riƙe ta. Mai sauraro yana yafe kashi mai rauni, ba ya yafe wanda bai zo ba.

Jibi za a yi mini aikin idon. An hana ni kallon kwamfuta da waya har sai likita ya ba da izini, don haka in kin ji ni shiru, shi ne dalili.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

Allah ya sa an yi aikin a sa'a, ya kuma ba ki lafiya. Na san ba za ki karanta wannan yanzu ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa. Mama tana nan, sai dai ba ta barci sosai.

Baba ya canza. Yanzu in muna naɗa ya maƙale a tsakiyar kalma, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Yanke." Ya sake daga farko. Ya sake maƙalewa. "Yanke." Jiya jimla ɗaya muka yi ta bi har gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ƙarshe ya cire hular ya ajiye a kan gado.

Ranar Lahadi wani tsohon abokin aikinsa ya zo, wanda suke kira Dogo. Ya shigo da fara'arsa tun daga ƙofa: "Ina shahararren? Kai, Mai Jiniya, matata ta hana ni sakat da muryarka! To tashi ka ba ni labarin ranar da muka faɗa rami da likita a baya."

Baba ya buɗe baki. "Ran... ran..."

Dogo ya jira kaɗan, ya yi dariya. "Kai dai ba ka rabuwa da wasa. A waya kana zuba kamar famfo, ni ne za ka yi wa rowa?"

Mama ta ce, "Ga shayi, Malam Dogo, sha kada ya huce."

Sai a lokacin ya lura. Ya sha shayin da sauri ya ƙona harshe, ya yi ta kame-kame, ya tafi. Bayan fitarsa Baba ya nuna wayata da haɓa ya ce, "Wancan... ya fi... ni." Tun daga ranar, in an yi baƙi sai ya juya bango ya yi kamar barci. Likitar maganar ta ce ya ja baya, ta tambaye ni me ya faru a gida. 

Ga kuma na biyu. Yaya ya rubuto kafin jirginsu ya tashi. An yi masa tayin ƙarin wata shida, ya sa hannu. Ya ce tunda Baba ya warware haka, gara ya ƙarasa ya dawo gaba ɗaya. Na rubuta masa cewa ba haka abin yake ba, amma saƙon yana nan bai shiga ba, sun riga sun yi nisa.

Ban fasa fitar da shirin ba, tunda kin ce a riƙe rana. Ina tono tsofaffin hirarraki ina gyarawa. Masu ji sai ƙaruwa suke yi.

Auta

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Ya idon? Mako uku ke nan.

Saƙona ya shiga wayar Yaya, ya amsa da layi biyu: wai na faye tsoro tun ina ƙarama, shi da kunnensa ya ji Baba. Ya fi yarda da shirin a kaina. Ni na haɗa shirin, Goggo.

Baba bai yi magana ba tun shekaranjiya, sai nuni. In akwai mai karanta miki saƙo, don Allah ki sa a karanta miki nawa.

Auta

*

Auta, 'yata,

Yau aka ba ni izinin karatu, naki na fara buɗewa. Aikin ya yi kyau, idon yana gani, sai ɗan ƙaiƙayi. Ki yi haƙuri da shirun. Ba wanda ke taɓa wayata, kin san halina. Ki riƙe Mamanki da kyau.

Na koma wasiƙarki ta baya. Kin rubuta cewa ya miƙo miki iyafis bai ce komai ba. Rahoto ne cikakke, ni ce na karanta shi da gaggawa na ba shi ma'anar da nake so.

Kwanakin da na yi ido a ɗaure ba abin da nake yi sai sauraro, kuma na bi shirinki daga farko. Da kunne kaɗai na ji abin da ban ji ba da biro a hannu: mutumin nan ba ya numfashi. Jimla tana bin jimla, babu inda ya ja iska, babu inda ya haɗiyi yawu. A kashi na uku ya ce an kashe jiniya, kafin in ji abin a ƙirjina har ya shiga labarin tayar da ta fashe. Shirun da kika cire a wurin ba na ciwo ba ne, na labarin ne. Dokar da na ba ki ta mai karanta labarai ce, wanda ba a so a san yana da jiki. Babanki kuwa jikinsa shi ne rabin labarin. Gyara yana sa mutum ya tsaya, gaskiya ne, kin ga shaida. Amma abin da ya tsaya ya ji dole ya zama akwai shi.

Yanzu abin yi. Yayanki Injiniya ya yanke shawara a kan rahoton da ba daidai ba. A aikinmu in haka ta faru ba a bin mutum da bayani a gefe. Gyara ake fitarwa, a inda aka yi kuskuren, da girman da aka yi shi. Ba zai yarda da saƙonki ba, shirin ya yarda da shi, to shirin ne zai gaya masa. Ki fitar da kashi ɗaya yadda aka naɗe shi, kada ki cire ko tari. Ki faɗa da bakinki a farko cewa na baya an gyara su. Za ki rasa masu sauraro, ki sa wannan a ranki tun yanzu.

Amma ba za ki yi ba sai da yardarsa. Muryarsa ce. Ki karanta masa wannan yadda na rubuta:

Mai Jiniya, makauniya ta warke, saura kai. Wancan na cikin waya ni na ƙera shi, kuma ban taɓa sonsa ba, ya faye surutu. Kai nake so in ji, ko za ka kwana kana jan kalma ɗaya. Ɗanka yana can tsakiyar ruwa yana murna da mutumin da babu shi. In kana da abin gaya masa, ka gaya masa da bakin da kake da shi.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

An mayar da Baba asibiti ranar Asabar. Likita ya ce ciwon ne ya sake bugawa, bai kai na farko ƙarfi ba, amma ya taɓa wurin magana. Yana gane mu, yana matsa hannu. Kalma dai babu.

Na yi murna da idonki ya buɗe. Mama tana wurin Baba, ta ce in gaishe ki. Ni ma lafiya, gajiya ce kawai.

Bari in ba ki abin a jere. Ranar Laraba na karanta masa saƙonki. Da na kai wurin "ya faye surutu" sai gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga.  Sannan ya nuna hular.

Na gaya masa ba zan yanke komai ba, kowa zai ji yadda yake, har Dogo. Ya ce, "Kunna."

Ya sake ba da labarin kashe jiniya. Ya maƙale sau da yawa, sau ɗaya hannunsa ya ɗaga zai ce in yanke, sai ya mayar da shi kan cinya. Da ya kai wurin, ya yi shirun nan nasa. Na bar shi. Ana jin numfashinsa, ana jin wata mota tana wucewa a titi, ana jin Mama ta ajiye kofi a bakin ƙofa. Na ɗauka ya gama, na kai hannu zan kashe, sai ya matso da bakinsa kusa da makirufo fiye da yadda kika ce, har muryar ta fashe.

Ya ce, "Injiniya... ka zo... tun tana... kunne."

Na fitar da shi ranar Alhamis, da bayanina a farko. Yadda kika faɗa haka aka yi: fiye da rabi sun kashe tun ba a je ko'ina ba, wani ma ya rubuta cewa in duba, kashin ya lalace. Waɗanda suka tsaya kuwa sun kai ƙarshe. Wata mata ta rubuto cewa mijinta yana da irin ciwon, kuma ta daina sa masa shirinmu tun tuni don yana sa shi kuka, yana ganin kowa ya warke ban da shi. Ta ce wannan sun ji shi tare. Na karanta wa Baba ranar Juma'a. Ya tambaya, "Shi... fa?" Yaya yake nufi. Na ce bai sauke ba tukuna. Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa.

Da motar asibiti ta zo ɗaukarsa, ni na shiga baya tare da shi, Mama ta biyo mu a motar maƙwabci. Ta ce mini duk hanya ba ta ga titi ba, kunne kawai ta kasa. Jiniyar ba ta ɗauke ba har muka shiga ƙofar asibiti.

Asalin hirarrakin duka suna nan inda kika ce in ajiye, ban taɓa su ba. Ban san ko zan fitar da wani abu mako mai zuwa ba.

Na kira ofishin kamfanin su Yaya, na aika musu takardar likita. Matar da ta ɗauka ta ce za su isar wa kyaftin. Wayar Yaya ba ta nuna ya sauke kashin ba har yanzu. Sun ce jirgin zai shiga tasha ranar Litinin in yanayin teku ya bari. Ba su tabbatar ko za a samu wanda zai karɓi aikinsa ya sauka ba.

Taki,
Auta